Ɗakin da Ba Kowa

Litinin, 6 ga Afrilu
Ka yi haƙuri, littafi. Don rubuta addu'o'i na saye ka, ga shi zan cika ka da ƙorafi. Shekara goma sha tara makullan gidan gwajin jinin nan suna hannuna, har ana ce mini Uwar Makullai. Yau Manaja ya sa an kwashe fayil-fayil daga ƙaramin ɗakina, an girke wani baƙin akwati mai tsayin firji, wai saba. Aka kuma saka masa esi sabo fil don sanyaya ɗakin. Ni da na shekara ina roƙon fanka.

Laraba, 8 ga Afrilu
Marasa lafiya a zaure suna fifita da katin asibiti, akwati kuma yana shan sanyi shi kaɗai. Tun ina makarantar allo malaminmu ya hana mu ɓarnar ruwan alwala ko a bakin kogi muke. Da na zo kulle gida da yamma na kashe esin. Da safe ni ce nake fara zuwa, sai in kunna. Ba wanda na cuta.

Alhamis, 9 ga Afrilu
Ba netwok. Sakamako ya ƙi fita har sha ɗaya.

Litinin, 13 ga Afrilu
Yau ma, kuma ya fi muni. Wata tsohuwa ta zo da yunwa tun safe saboda gwajin suga, ta zauna har azahar. Na ba ta ruwa da haƙuri, iyakar abin da nake da shi ke nan. A da sai in miƙa hannu in zaro fayil, ko wuta babu.

Injiniya, matar da aka ɗauka don ta kula da na'urorin, ta wuni a tsugune bayan akwatin da rigar sanyi, ga tsohon ciki. Ta canja waya, ta canja wani abu mai ƙyaftawa. Ta ce mini akwatin ne yake kashe kansa bayan an tashi, kuma ta rasa dalili. Na ce abin Bature dama sai a hankali.

Talata, 14 ga Afrilu
Na tambaye ta, cikin ladabi, me ya sa mutuwar akwati ɗaya take tsayar da kwamfuta goma sha biyu. Ta yi dariya ta ce, “Inna, waɗancan duk famfo ne, wannan shi ne tankin.” Wai babu komai a cikin kwamfutocin tebur, kowane sakamako a akwatin yake kwana, har na rassanmu biyu da ba sa rufewa. Ta wayoyin bango suke aiko masa, yana amsa musu. Na ce to yaushe yake hutawa? Ta ce ba ya hutawa.

Ban ji daɗin maganar ba. Ban san dalili ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu
Manaja ya ɗaga wa Injiniya murya a gaban kowa. Ya ce mako guda ya ba ta, in abin bai daidaita ba zai kawo wani. Har da cewa dama ya yi shakkar ɗaukar mai ciki. Daga baya na same ta a wurin alwala tana wanke fuska fiye da sau uku.

Ni dai ban ga abin da ya sa ake zuba rayuwar mutane a akwati ɗaya ba. Ko ƙwai ba a yi masa haka.

Juma'a, 17 ga Afrilu
Da safe da na buɗe ɗakin na tsaya kafin in kunna esi. Kullum sauri nake yi. Zafi ya doke ni kamar gidan burodi, akwatin yana huci, na taɓa gefensa na janye hannu. Sai ya yi tsit, fitilunsa suka mutu a gabana.

Kafin Injiniya ta iso ƙarfe tara ɗakin ya yi sanyi ƙalau. Kullum haka take samunsa. Innalillahi.

Asabar, 18 ga Afrilu
Na faɗa wa Malam, maigidana. Ya ce niyyata mai kyau ce, in daina kashewa kawai, abin zai gyaru, ba wanda zai sani. Na ce ita fa, da aka ci mutuncinta? Ya ce ai na riga na san amsa, shayi kawai nake hana shi sha.

Da ma esin bai da makunni.

Litinin, 20 ga Afrilu
Na shiga ofishin Manaja, na roƙi a kira Injiniya. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ce nake kashe esin kullum. Yarinyar nan ba ta da laifi.” Ya yi faɗa sosai, ya karɓe makullin ɗakin daga zobena. Shekara goma sha tara ba a taɓa ba.

Faɗansa bai dame ni ba. Ita ce. Ta dube ni ta ce, “Inna, kwana goma ina tsugune a gabanki.” Ta nemi hutun kwana uku, ƙafafunta sun kumbura.

Laraba, 22 ga Afrilu
Netwok lafiya lau tun Asabar. Abin haushi.

Kafin ta tafi ta manna ma'aunin zafi a gilashin ƙofar, ta rubuta a takarda kada ya wuce ashirin da biyar. Ba aikina ba ne yanzu. Hanyata ce kawai ta bi ta wurin, sau huɗu yau. Da la'asar na ga ashirin da huɗu, kuma esin yana ɗigar ruwa ta waje. Na sa bokiti. Na ce wa Manaja a kira mai gyara, ya ce tun yaushe na zama injiniya.

Ba wai akwatin ya dame ni ba. Sakamakon tsohuwar nan yana ciki, shi ke nan.

Na aika mata saƙo, na kwafe shi a nan don na goge shi sau biyar kafin in tura: “'Yata, ki yafe mini damunki kina hutu. Ya jiki? Ma'auni ya kai ashirin da huɗu, esi yana zuba. Ban taɓa komai ba. Me zan yi? Don Allah ki amsa mini da wuri.”