Ƙorafi Kan Shibrar da Aka Sa Na Bari a Gonata

Zuwa ga: Mai Girma Magajin Garin Safo, Gundumar Madarunfa
Daga: Lawali Ɗan Baba, manomi, mai sayar da irin gero
Rana: 17 ga Oktoba, 2022

Game da: Masu binciken gero da suka shiga gonata

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana.

1. Ranar 9 ga Yuli wasu mutum uku suka zo cikin mota kat-kat fara, jagoransu wani Malam Abdul Aziz. Suka ce daga wani furoje suke, wato shirin bincike, suna binciken ƙwayoyin gadon gero, su gano abin da ke sa wani ya jure fari. Sunan furojen ban riƙe ba, da Faransanci suka faɗe shi.

2. Na nuna masu gerona mai kyau, irin da mahaifina ya bar mani. Kallo ɗaya suka yi masa. Shibra suka nema, geron banza da kowane manomi ke tugewa don kada ya ɓata iri. Suka roƙe ni in bar ta ta girma. Na ga baƙi ne masu ilimi, na amince.

3. Ranar 3 ga Satumba suka dawo, suka tsinki ganyenta suka sa cikin akwatin sanyi, suka rufe kawunan wasu da takarda, suka kafa ƙarafa masu lamba. Ranka ya daɗe, mai neman maganin fari me zai yi da abin da ko jaki sai da yunwa yake ci? Su waye za su karɓi ganyen nan? Lambar wayar salular da suka bar mani ba ta shiga.

4. Yanzu zance ya bazu cewa Turawa sun sa wa gonata wani abu. Maƙwabcina Kabiru ya daina gaishe ni. Waɗanda suka saba ajiye magana kan iri tun kaka, ba wanda ya leƙo. Maiɗakina ta ƙi daka geron.

Don haka ina roƙon Mai Girma ya bincika ko da sanin hukuma suka zo, a kuma gaya mani ko ƙarafan nan na gwamnati ne, don ban taɓa su ba. In aikinsu na gaskiya ne, a kira su Safo ranar kasuwa su yi bayani da Hausa, a tuƙa tuwon geron nan su ci a gaban jama'a. Miya a kaina.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Lawali Ɗan Baba