An ce in goge muryar Malam daga wayata

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun yanzu in faɗa muku, ban zo neman wanda zai ce na yi laifi ba, irinsu ina da su birjik a nan Gummi.

Ni tela ne, kullum bayan la'asar nake rufe shago in tafi zauren wani tsohon malami ɗaukar karatun fiƙihu. Kun san yadda ake yi, ka karanta layi da Larabci, Malam ya fassara ya yi bayani, kai kuma ka cusa abin da ka kama a tsakanin layi da gefen takarda. To ni a kan keke hannuna ke da sauri, a biro kuwa sai a hankali, kafin in rubuta kalma biyu Malam ya yi nisa. Da na samu littafin da muke karantawa a waya sai na yi ta gwada manhajoji, wata ta juya mini ajami baibai, wata ka ja layi yau gobe ka nema ka rasa, har na dace da wadda za ka danna layi ka liƙa masa murya. Na nuna wa Malam, na ce tana ɗaukar maganarsa, ya yi dariya ya ce, "In dai abin ga shina hana ka damuna da tambaya, to madalla." Tun daga nan duk layin da muka wuce muryarsa na kai, har da tarinsa da zolayar da yake mana.

Abin da kowa ya sani a zauren amma ba mai faɗa shi ne, Malam ya fara mantuwa. Tsufa ne, ba abin kunya ba ne. Sai ya ɗauko bayani ya kai tsakiya ya tsaya, kowa ya sunkuya yana kallon tabarma, kamar ita za ta tuna masa. Rannan a babin gado wani baƙo daga Anka ya yi tambaya, Malam ya fara ya kakare, ya sake farawa ya sake kakarewa, har gumi ya keto masa. Wallahi tausayi ne ya kama ni, an bar dattijo yana dabur-dabur a gaban baƙo. Na danna layin mas'alar a wayata, muryarsa ta bara ta fito tangaram, ta warware mas'alar tas. Malam ya naɗe buzunsa ya shiga gida.

Washegari babban ɗalibinsa ya tare ni a shago, wai na tozarta Malam, wai ilimi daga ƙirjin malamai ake ɗaukarsa ba daga gilashin waya ba. Na ce to wanda ke cikin gilashin daga ƙirjin wa ya fito, nawa? Ku da kuka zuba masa ido yana gumi ku ne masu ladabi ke nan? Ya ce ba gardama ta kawo shi ba, saƙon Malam ne, in goge komai a gabansa ko kada in sake taka zauren. Na je da kaina, Malam ya amsa sallama bai ɗago kai ba, abin da ya ce kawai, "Wancan da kas sa cikin waya ya ishe ka, mi kaka nema wurina?"

Maganar nan ta yi mini ciwo, har Inna ta ga na kasa cin abinci ta ce, "Share abin ga ka huta, fushin malami ba shi da daɗi." Ina son Malam kamar uba, zan durƙusa in ba shi haƙuri kan yadda abin ya zo masa, ko a gaban kowa ne. Amma gogewa kam ban ga hannun da zan yi ta da shi ba. Masu cewa a goge babu wanda zai iya maimaita bayanin nan, shi kansa babban ɗalibin bakinsa a rufe yake rannan.

In na ƙi gogewa na rasa zaure na rasa fuskar malamina. In na goge, karatun da ya ƙarar da rayuwarsa yana tarawa ya tafi ke nan, don yau ko shi mai abin ba zai iya sake faɗarsa ba. Ku faɗa mini gaskiya jama'a, wanne Malam zan bi, wanda ke fushi da ni a zaure, ko wanda har yanzu yake biya mini karatu a cikin wayata?