Facin Da Ke Gwiwar Baffanku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Mu'az, tela mai facin jins a Unguwar Hajji, Karaye. Shekaruna talatin da huɗu. Da hannuna nake rubuta wannan takarda, hankalina a jikina, ba zafin ciwo ke magana ba, kuma ba wanda ya sa ni. A aji huɗu na bar firamare, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Zuwa gare ku Nuruddeen, Munawwara, da Ummukulthum wadda har yanzu take goye. Mahaifiyarku Jamilatu za ta adana muku ita har ku kai karanta ta da kanku.

Likita ya gaya mini gaskiya a kan ciwon hantar nan, na kuma gode masa. Ban firgita ba. Abin da ya sa na ɗauki biro wani abu ne da na gani da safiyar Litinin ɗin da ta wuce.

Ranar na roƙi Muntaka direba ya kai ni Rogo in mayar wa mutane wandunansu, tunda ƙafata ta daina iya taka keken ɗinki. Muna tsaye a tasha, hantsi bai gama ɗagawa ba, ina zaune a gaban mota, sai ga wani mutum yana sauke buhunan masara daga bayan wata mota, ya ba ni baya. Ban ga fuskarsa ba, amma da ya juyo gefe na ga gwiwar wandonsa ta hagu. Ɗinkina ne. Ina gane ɗinkina kamar yadda nake gane kukan Ummukulthum a cikin na yara goma. Yayana ne Abdulsalami, baffanku, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda rabona da gaisawa da shi shekara huɗu ke nan. Aljihun baya na wandon ya ɓalle, an kama shi da allurar hannu da farin zare, ɗinki manya-manya irin na wanda bai taɓa riƙe allura ba. Rogo cike take da teloli. Ya gwammace ya soke yatsansa da ya kai wandon nan wurin wani. Ban yi masa magana ba, shi ma bai gan ni ba. Amma tun a hanyar dawowa na san abin da zan rubuta.

Na ɗaya. Ku riƙe salla, ku riƙe mahaifiyarku da kakarku Inna Saude. Bashin kuɗi babu mai bi na, wannan ku kwantar da hankalinku. Gona da awaki da rabona na gida a raba yadda Allah Ya ce, Malam Abdulmutalib limamin unguwa shi zai tsaya a kai. Ni ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. A shago, a kan igiyar da ke bayan keke, akwai wanduna bakwai. Ba nawa ba ne, kada su shiga rabon gado, kada kuma a bayar da su sadaka. Duk jins yana da wani ɗan ƙaramin aljihu a cikin babban aljihun dama, wanda yatsa biyu kawai ke shiga. A nan nake cusa 'yar takarda da sunan mai wando da garinsu, tun ranar da na fara sana'a. A duba za a gani. Biyu daga ciki na Sulle ne, makiyayin nan na rugar bayan Yola ta nan Karaye. Ya yi kudu da shanu, sai ruwa ya sauka zai dawo. A jira shi ko da shekara za a yi. In ya zo zai yi ta juya facin yana cewa ya yi tauri, haka yake yi kullum, kada wanda ya ji haushi. Washegari za a gan shi da shi a ƙafa.

Na uku. Buhuna ukun da ke ƙuryar shago ba shara ba ne. Na san Inna ta daɗe tana neman ranar da za ta cinna musu wuta, ta ce ɓeraye nake kiwo. Inna, ki yi mini wannan alfarma. Shekara goma sha biyar na yi ina tara su. Ƙyallayen matattun wanduna ne, na kasa su bisa koɗewarsu: buhun farko masu duhu, na biyu waɗanda suka sha wanki, na uku waɗanda rana ta mayar kusan fari. Wanda ya ɗora sabon ƙyalle a kan tsohon wando ya yi aikin banza sau biyu. Ido zai gani daga nesa, sannan sabon ya fi ƙarfi, wanki uku zai ja tsohon ya yage a gefen ɗinkin. Faci daga ciki ake sa shi, da ƙyallen da ya tsufa daidai da wandon, a bi shi da zare gaba da baya har yagar ta ɓace. Wandona na aiki, mai faci tara, kada a ba kowa, ba zai yi wa kowa daɗin sawa ba. A yanka shi a zuba a buhu na uku.

Na huɗu, wannan naka ne Nuruddeen, ko ka zama tela ko ba ka zama ba. In aka kawo maka wando, kada ka dubi inda ya yage tukuna. Ka fita da shi waje ka ɗaga shi saitin rana. In haske ta wurin yagar kawai yake shigowa, wandon na da rai, a gyara shi, zai fi sababbi da yawa daɗewa. In kuwa ka ga haske na ratsa cinyar gaba ɗaya kamar rariya, yadin ya mutu. Ka gaya wa mai shi gaskiya ya je ya sayi sabo, kada ka karɓi aikin da ka san sati biyu zai yi. Irin masu robar nan da suke ɗame ƙafa, su da wuya su riƙe faci, in sun fara saki sun tafi ke nan.

Wando ba ya ɓoye mai shi. Na manomi a gwiwa yake mutuwa, na ɗan acaba a hantsa, na mai dako a cinya inda yake tokare buhu. Akwai wanda za ka ga bakin ƙafar wandonsa ya cinye ta baya, ka san aro ya yi ko gado, ya fi shi tsawo. Ka gani, ka yi shiru, ka yi aikinka. Ba kunya ba ce mutum ya sa faci, ba kuma laifi ba ne ya sa sabo. Na daɗe ban yarda da rabin maganar nan na biyu ba, shi ya kawo mu ga na biyar.

Na biyar. Za ku ji labarin abin da ya raba ni da baffanku a bakin mutane, suna dariya. Gara ku ji shi daga gare ni, don yadda suka san shi ba haka yake ba.

Shekara huɗu da suka wuce, ana saura kwana goma sallar azumi, Yaya ya sayar da gyaɗarsa kaf ya tafi Kano ya saro jins sababbi dozin guda. Da su yake so ya fara kasuwanci a Rogo. Ya ajiye su a shagona ya wuce Daura ta nan kusa gaisuwar rasuwa, zai kwana biyu. Na buɗe ƙunshin sai na ga duk a yage suke a gwiwa. Na zauna na yi musu faci gaba ɗaya, goma sha biyun, aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Da ya dawo ya gani, sai ya dafe kai ya zauna a kan benci. Ya ce, "Mu'az, yagar ita ce kayan! Samari ita suke saye!" Na ce masa wallahi ban sani ba, na zaci cutarsa aka yi. Ɗinkin kuwa ba ya warwaruwa, kowa ya san irin nawa. Ko ɗaya bai sayar ba. Gari ya ɗauka, ana ta tsokanata, wai tela ya ga rami ya kasa haƙuri. Ni ma ina taya su dariya. Shi kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma Rogo, ko a gidan Inna muka haɗu sai ya kau da kai.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Jamilatu. A wando na farko da na biyu da gaske ban lura ba. A na uku na gane. Yagar wuri ɗaya take a kowanne, tsawonta ɗaya, gefenta yankan reza ne, ba cin ƙasa ba. Na ajiye almakashi. Sai zuciya ta ce mini, kai kana nan kana rufe tsiraicin mutane, yayanka zai zo ya sayar musu da rami. Dama ina jin zafin yadda yake cewa sana'ata sana'ar tsumma ce. Na ɗauki na huɗu na ci gaba. Da sanina na ɓata masa jarinsa, sannan na rantse da Allah a kan ƙarya. Na tuba ga Allah a kan rantsuwar, saura haƙƙin Yaya. Kada ɗayanku ya tashi da tunanin baffanku mai riƙo ne a kan kuskure. Shi ke da gaskiya.

Na shida. Na tambayi Malam ko zan iya yin wasiyya da keken ɗinkina. Ya ce ga magaji ba a yi, amma tunda ina da ɗa namiji, Yaya ba ya cikin magadana, saboda haka ya halatta in bai wuce sulusin abin da na bari ba. An duba, bai kai ba. To keken da buhunan nan uku na Yaya Abdulsalami ne. Jamilatu ta sani ta kuma yarda. Roƙona ya kafa shi a gefen 'yar rumfar tufafin da ya buɗe a Rogo, ya samu mai gaskiya ya ɗora a kai. Wanda wandonsa ya mutu ya juya dama ya sayi sabo, wanda nasa ke da sauran rai ya juya hagu. Da haka ya kamata mu zauna tun farko. In Nuruddeen ya girma ƙafarsa ta kai, ya ga yana so, baffansa ba zai hana shi ba.

Ba keken ne damuwata ba. Ku ne. Ba ku da wani baffa sai shi. Munawwara, ran nan kin tambaye ni ko baffa Abdulsalami dogo ne ko gajere, na rasa inda zan sa fuskata. Ba na so in tafi in bar ku da ƙofar da ni na rufe.

A nan na tsaya ranar Laraba. Na ba Muntaka saƙo ya kai Rogo, ban ce komai ba sai, a gaya wa Yaya ya aiko da wandon nan in gyara aljihun. Abin da ke ƙasa yau Juma'a na ƙara shi.

Bai aiko ba, da kansa ya zo, da safe, da wandon a leda. Ya yi sallama, ya gaishe da Inna, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda na koma. Na ce ya zauna, na sa Malam ya karanta masa na biyar a gaban kowa. Da aka gama sai ya ce, "Ai na sani tun ranar. Kai da kake gane sana'ar mutum daga gwiwar wandonsa, yankan reza ne zai ɓace maka? Shekara huɗu ina jira ka faɗa da bakinka, ɗan taurin kai." Ya goge ido da hula. Sannan ya jefo mini ledar ya ce, "Ga tsiyarka nan. Guda ɗaya na kasa kashewa, goma sha ɗaya na akwati suna jiran layi. Na yafe, duniya da lahira. Ɗinke mini aljihuna."

Aka kama ni zuwa shago. Na zaɓo ƙyalle a buhu na biyu. Ƙafata ta ƙi taka keken, sai Yaya ya durƙusa yana juya mini shi da hannu, ni ina bi da yadin. Ya yi sauri, na ce ya rage, ya ce ko yanzu sai na yi masa iyayi. Aljihun ya zauna. Shi ne aikina na ƙarshe, kuma na gamsu da shi. Munawwara, yanzu kin gani da idonki, dogo ne.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku a kan gaskiya, Ya sa ku ji ƙan mahaifiyarku. Jamilatu, na gode, ki yafe mini. Ku da 'ya'yan baffanku gida ɗaya ne, Karaye da Rogo ba nisa. In wani abu ya shiga tsakaninku kada ku kai shi shekara huɗu, mai laifi ya faɗa tun yana da ƙafar zuwa.

Wanda ya ga abin da na gani a tashar Rogo shi ne Muntaka direba, don na nuna masa gwiwar, ya ce shi bai ga faci ba. Waɗanda suka shaida wannan takarda da abin da ya faru yau: Malam Abdulmutalib liman, da Muntaka, da Inna Saude, da Jamilatu. Sai Yaya Abdulsalami, wanda ya sa hannu a ƙasan nawa, wandon na kan cinyarsa.