Yaya Tana Jiran Karkataccen Zane

Zuwa ga 'yata, Autar Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa muku aiki da zaman nesa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata tana nan da halinta, idan hadari zai taso ita ke sanar da ni tun kafin rediyo ya ji labari. Tsohuwata, wato uwargidana, ta samu sabon tabarau, tun daga ranar kuwa take ganin laifuffukana da ta daɗe ba ta gani ba. Yayanki ya gyara rufin ɗakin baya, matarsa kuma, Allah ya saka mata da alheri, tana kula da mahaifiyarki kamar ita ta haife ta. Yaya tana cin abinci, tana barci, ƙafar ma ta daina kumburi.

Na zaɓi in rubuto ne saboda abin da kika faɗa mini a waya rannan. Kin ce idan aka kara wa mahaifiyarki waya a kunne ba ta wuce lafiya lau da to, har kin fara tsoron ko ta daina gane ki. A lokacin ban ba ki amsar kirki ba, don kunnena da waya ba sa shiri, kuma ni mutum ne da ba ya iya labari sai ya ɗauko shi daga tushe. To, ki gyara zama.

Kin tuna littafin zane da fensirori da kika aiko mini, kika ce in samu abin yi in ƙyale tsohuwata ta huta da surutuna? Da na buɗe littafin na ga takardarsa fara fat, mai kauri, sai na mayar na rufe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana murɗa sitiyarin babbar mota, yatsunsa kamar turaku, ina shi ina ɓata wannan takarda? Littafin ya daɗe a kan kabad yana kallona ina kallonsa. Tsohuwata ce ta gaji, wata safiya bayan na gama shan shayi ta yage murfin kwalin sukari ta ajiye mini da fensir, ta ce ba za ta ɗauke kofin daga gabana ba sai na zana shi, kuma wannan takardar ko na ɓata ta babu wanda zai yi kuka. Na zana. Ta ɗaga ta duba da sabon tabaraunta, ta tambaye ni wai hular waye wannan.

Daga nan abin ya zama doka. Shayi, sannan zane, sannan rediyo. Idan ban yi na tsakiya ba, na ƙarshen ba ya kunnuwa, don ita ke riƙe da batir. Na zana makulli, na zana takalmina, na zana buta ta fito agwagwa sak, har da wuya. Kafintan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo wata rana ya tarar ina ta gogewa har kwalin ya huje, ya ce matsalata ita ce takarda nake kallo ba butar ba, wai butar da ke cikin kaina nake zanawa, ita kuwa ta gabana ko gaisuwa ban yi mata ba. Ya nuna mini yadda ake miƙa hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a auna tsawon abu da faɗinsa. Ya kuma sa abin gogewar a aljihunsa ya tafi da shi, har yau bai dawo mini da shi ba. Haka na koyi barin layin da ya karkace a wurinsa, in ja wani a gefensa. Wata ranar zanen ya yi kama da abu, wata ranar bai yi kama da komai ba, amma tun da ƙarami ne kuma ba ya ɗaukar lokaci, ban samu hujjar fashi ba, ni da na iya neman hujja.

Yanzu ga inda mahaifiyarki ta shigo. Kin san kullum da yamma nake zuwa in zauna da ita a baranda. Tun bayan ciwon nan da ta yi zaman namu ya koma na shiru. In kawo labarin gari, ta ce to. In tsokane ta, ta ce to. Yayar da ta raine ni da faɗa, telar da idan kalmasa ta kauce da faɗin zare sai ta sa ɗan koyo ya warware rigar gaba ɗaya, ita ce yau zaune da hannuwa a cinya tana kallon bango. Wata yamma shirun ya yi mini nauyi, na zaro kwali daga aljihu na soma zana gaban gidanmu na yarinta daga ka, gidan da aka rushe tun kafin a haife ki aka jera shaguna a wurin. Ban ma san tana kallo ba. Sai kawai na ji yatsa a kan takardar, da murya irin wadda na daɗe ban ji ba, tana cewa tagar ba a nan take ba.

'Yata, sai na ɗago na dube ta. Na ce a nan take mana. Ta ce in da a nan take, ta ina na riƙa tsallakewa in gudu ƙwallo lokacin da Baba ya ce in zauna in yi karatu? Ta ce tagar tana hagun ƙofa, ƙarfenta ɗaya a lanƙwashe, ni na lanƙwasa shi da kaina, shi ya sa har yau kan nawa bai daidaita ba. Daga tagar ta wuce labulen da Inna ta ɗinka mata, daga labulen ta wuce keken ɗinkin Inna da ranar da aka fara barinta ta taka shi. Matar yayanki ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko motsa ba har Yaya ta gaji don kanta.

Tun daga ranar aikina ya zama biyu. Da safe in zana abin da ke gabana don hannu ya saba, da yamma in kai wa Yaya wani yanki na tsohon gida. A nan ne ma na samu ƙarfin halin buɗe littafin naki. Na zana rijiya, ta ce wannan tukunya ce. Na zana keken Baba, ta ce da haka yake da bai taɓa isa wurin aiki ba. Na zana bishiyar lemon tsakar gida, ta ce na mayar da ita bayan ɗaki kamar wadda ta yi laifi. Kowane gyara kuma da labarinsa a bayansa. Ba na ce miki ta warke ba. Wani lokacin takan kira ni da sunan ƙaninmu da ya rasu, wani lokacin ta maimaita labari ɗaya kafin shayi ya huce. Amma tana magana, tana harara, har dariya ta yi ranar keken.

Sai dai akwai abin da ban hango ba. Wanda yake abu kullum, ko bai so ba sai ya ɗan iya. Hannuna ya fara jin magana. Wata yamma na kai mata tsakar gidan gaba ɗaya, rijiya a wurinta, lemo a wurinsa, har inuwar igiyar shanya na sa. Ina tafe ina jin kaina, na ce yau Yaya za ta yaba. Ta karɓa, ta duba sama da ƙasa, ta gyaɗa kai, ta miƙo mini, ta ce to. Ta mayar da hannuwa cinya. Washegari na kai wanda ya fi shi kyau, ta sake cewa to. Na dawo gida ina ƙorafi, tsohuwata ta ce ai ni ne marar wayo, matar da aikinta duk duniya gyara ne na je na ƙwace mata aikin, sannan ina mamaki ta zauna.

Sai na yi dabara irin tawa. Na soma sa kuskure da gangan: in mayar da ƙofa dama, in ƙara wa ɗaki taga. Da farko ta ci, na yi murna, na ƙara gishiri. Ranar da na sa wa keken ɗinkin Inna mariƙi a ɓangaren da ba nasa ba, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ɗago ta kalle ni. Ta ce ta yi shekaru tana koyar da yara ɗinki, ta san karkatar wanda bai iya ba, ta kuma san karkatar wanda ya raina mata hankali. Ta ce ita tsufa ta yi, ba yarinta ta koma ba. Ta juya kujerarta. Ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba, don wadda ta kama ni ɗin Yayata ce sak, ba abin da ya ragu.

Na ba ta haƙuri, ta ja aji kwana da kwanaki kamar yadda ta saba, sannan ta tambaya ina takardar. Yanzu sai na koma zana abin da ya fi ƙarfina da gaske, kamar ninkin zanen ɗaurawa a kan kujera da hannuwanta a cinya, inda kuskurena na Allah da Annabi ne. Tana gyarawa, tana cewa na ba ta yatsun direba. Amma hannu ba shi da labari mai tsawo kamar gida, kuma tsohon gidanmu na zane shi kaf, har bayan gida ban bari ba. Kwanan nan hankalinta ya koma gidan da ta raine ku, wanda kuka tashi kafin a dawo nan. Takan tambaye ni ɗakin ɗinkinta na can, da matakalar da kika faɗo kika fasa haɓa. Ni kuwa a shekarun nan ina kan hanya, sai dai in zo in kwana ɗaya in wuce. Na ce wa yayanki ya gwada, ya ce shi sai dai ya ɗauko magini.

To, ga abin da ya sa na ɓata miki lokaci da wannan dogon labari. Ke kin san gidan nan lungu da saƙo, kuma, Allah ya ba ki haƙuri, ban taɓa jin an ce kin iya zane ba. Abin da ake nema ke nan. Ki samu fensir da bayan ambulan, kada ki sayi littafi mai kyau, zai tsorata ki. Ki ɗaura abin a jikin wani abu da ba kya fashinsa, shayin safe ko dawowa daga aiki, kuma ki ba maigidanki wani abu ya riƙe har sai kin gama. Ki fara da ƙarami: ƙofar ɗakin ɗinki, ko teburin da take yanka yadi, ko matakalar nan. Kada ki goge, kada ki kwaikwayi hoto, kada kuma ki kuskura ki yi irin wayona, za ta gane. Ki zana iya gaskiyarki, ki ɗauki hotonsa ki turo wayar yayanki, sannan ki kira bayan an nuna mata. Kada ki tambaye ta jiki, don amsar wannan kin riga kin san ta. Ki tambaye ta ko kin yi daidai.

Ban yi miki alkawarin kowace rana za ta amsa ba. Akwai ranakun da ni ma nake dawowa da takardata a aljihu ba a ce mini komai ba, washegari kuma in sake fiƙe fensir. Amma jiya na gwada ruwan. Na ce mata Auta ce za ta zana mana ɗakin ɗinki. Na ɗauka maganar ta wuce ta. Can sai ta ce wace Auta, tata? Wadda ko layi a littafin makaranta sai ta bi ta riƙe mata hannu? Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa matar yayanki ta nemo mata tabaraunta ta goge shi, a kawo ta gani.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce na gode da haƙurin da zai yi. Ki shafa mini kan babbar 'yarki da mai sunan Baba da ɗan ƙaramin da ban gani ba tukuna. Tsohuwata tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki har yanzu ba ta huta da surutun ba. Yayanki da matarsa da yaransu suna gaisuwa, haka ma kafinta, ɓarawon abin gogewa. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Tabaraun Yaya yana kan teburin baranda, an goge.

Naki har kullum,
Kawunki, tsohon direba