Baƙon Gidanmu da Abin da Fatihu Ya Rufe

Zuwa ga Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara can Agadas, Allah shi ƙara muku lafiya, shi tsare ku da tsarewarsa. Mu nan Tsamaye sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta rage a gona, ƙafar Inno kuma ta yi sauƙi har tana fita barka.

Yaya, wata safiya bayan an sauko masallaci na zagaya bayan rumbu neman igiyar jaki, sai na iske Fatihu, ɗan Yaya Usmanu, tsugune shina tura ƙasa da hannu biyu bisa bayan gidan da ya yi. Yaro ƙarami ba ya rufe abinsa da irin wannan kula. Na ɗaga shi, na sa kara na tone, na ga jini da majina. Da na lallashe shi ya ce tun kafin shuka yake gani. Ya ɓoye ne don Baba Ɗanmusa, babban gidanmu, ya taɓa yabonsa gaban maza, cewa shi Bagobiri ne na ƙwarai, baƙo ya kama shi ko nishi bai yi ba.

Kin san baƙon da nake nufi, zazzaɓin nan na gidanmu mai zuwa da ciwon ciki da na gaɓoɓi, ya kwana biyu ya tafi da kansa. Marigayi Baba ya yi ta saukarsa, ni ma haka. Mun saba har wanda bai taɓa yi ba ana tsokanarsa cewa tsintarsa anka yi a kasuwar Isa. Shi ya sa munka ga Fatihu na ramewa, wando na zame masa daga ƙugu, muna cewa baƙo ne, zai wuce. Sabo turken wawa, mu anka ɗaure.

Munka kai shi asibitin Sabon Birni, daga can sunka tura mu babban asibiti a Sakkwato. An gwada, ba zazzaɓin sauro ba ne. Likitar yara ta duba cikinsa da na'ura, ta ce hanjin ya kumbura ya yi gyambo, ciwo ne da ake lallaɓawa tsawon rai. Da Yaya Usmanu ya ambaci baƙo cikin zance, sai ta gyara zama, ta sa munka faɗa mata duk mai yinsa a dangi. Ta ce akwai zazzaɓin da ake gado a jini kamar yadda ake gadon wushirya, kuma in ya haɗu da ciwon hanji ga yaro, wani sa'in ɗaya kan hura wa ɗaya wuta. Ba ta yanke ba tukuna, an ɗibi jininsa an aika nesa. In ya tabbata, akwai ƙwayar da ake sha kullum. Yanzu dai shina shan maganin hanjin, ya fara taɓa tuwo.

Baba Ɗanmusa ya tara mu ya ce maganar ta tsaya cikin zaure, kada a ji gidanmu na da ciwon gado a daina neman 'ya'yanmu. Ban musa masa ba. Amma Nuriyyarki ta tsaya mini a rai. Da kunka zo Sallah kin ce cikin dariya ita ma ta fara saukar baƙo, ta tabbata tamu. Ni kuwa na lura loma kaɗan take yi ta ture kwano, in ta zagaya kuma takan daɗe, ta fito tana duban ko wa ya gan ta. Don Allah ki bi bayanta ki duba da idonki. Kada ki tsaya ga tambaya, jinin gidanmu ce, lafiya lau za ta ce miki. Ki kai ta asibiti, ki ba su labarin baƙo duka, ko da ba ki ga komai ba. In Baba Ɗanmusa ya ji na rubuto, za ni tsaya in sha faɗan.

Ki gaishe mini da maigida Malam Nura, da Hadiyya, da Nuriyya ita kanta. Inno da Yaya Usmanu suna gaishe ku.

In kin ga kamar na ƙara gishiri, ba ni kaɗai na ga jinin nan bayan rumbu ba. Inno ta gani. Maryamu uwar Fatihu ta gani. Baba Ɗanmusa ma shina wurin da butarsa a hannu, kuma shi ne ya fara cewa a kawo mashin a kai yaron asibiti.

Ƙanenki,
Hafizullahi