Tabon da Ba Ya Jin Allura

Yaya Mansura,

Gaisuwa mai yawa daga Sabha. Ya maigida da yara? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, aikin gonar dabino yana tafiya, kada ku damu.

Sai dai wani ɗan farin tabo ya fito mini a damtse, ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Wata ma'aikaciyar lafiya, Najwa, ta zo duba leburori. Ta kankari fatar wurin, ta shafa a gilashi, ta maƙala wani ɗan madubi a wayarta, sai ga abin da ido ba ya gani ya fito ɓaro-ɓaro. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsikari tabon da allura, ta ce, "Ka ji?"

Yaya, ban ji komai ba.

Ta tura wa likita hoton, ta ce ko mene ne yana da magani. Muna jiran amsa. Amma tun ranar nake ta duba yatsuna.

Don Allah ki tambayi Inna yadda ciwon marigayi Baba ya fara, kafin ya cinye masa yatsu. Kada ki ce ni na sa ki.

Ki sa ni a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Falalu