Zanena a Allon Tumfure

Gombe, 4 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da su Ihsan. Yaya ƙafar Umma?

Na zaɓi rubutu ne domin a gidan Kawu Inuwa ko tari ka yi a waya sai an ji. Kin san furojet ɗina na kammala digiri a kan kwarin zaizayar nan ne na Tumfure: yadda za a ɗaure bakinsa da ciyawar jema da bishiyoyi, ya zama wurin shan iska maimakon ya ci gaba da cin gonaki. Wata biyar ina awo cikin rana. To shekaranjiya ina cikin keke sai ga zanena a ƙaton allo bakin titi. Hanyoyina, har 'yar gadar da na sa, amma an cusa gidaje inda na bar fili, ana tallan fuloti da sunan wani kamfani.

Yaya, mutum biyu na nuna wa zanen nan: malamin da ke duba aikina, da Hilda, 'yar ajinmu da muke awo tare. Ita kuwa yayanta magini ne. Na daina ɗaukar wayarta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Najiba

19 ga Yuli

Yaya Saudatu,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗin jin Umma ta fara takawa.

Abin ya ƙara lalacewa. Malam ya ga allon. Ya ce ɗayan biyu ne, ko na kwafi aikin kamfanin, ko na sayar musu da nawa, kuma sai kwamiti ya zauna kafin a bar ni in kare furojet. Yana magana ina kallonsa, ina cewa a raina ko shi ne.

Jiya na koma gaban allon, na tsaya na ƙare masa kallo. Akwai giginya bakwai a jere kusa da gadar. Yaya, giginyoyin nan na ƙara su ne bayan Hilda ta tafi Kaltungo jinyar mahaifiyarta, kuma Malam bai taɓa ganinsu ba. Zanen da ke da su a filas ɗin kwamfutata kaɗai yake, sau ɗaya kuma filas ɗin ya bar hannuna: ranar da Kawu ya ce zai kai a buga mini babba a wurin abokinsa. Kin dai san dillancin filaye yake yi.

Ƙanin Umma ne, shekara huɗu ina cin tuwonsa. Allah Ya sa zato ne kawai.

Taki,
Najiba

8 ga Agusta

Yayata,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan damina na tafiya lafiya.

Na kare furojet, na ci. Hilda ce ta fid da ni. Sati biyar ban kula ta ba, amma ranar kwamiti ta shigo da littafin awonmu da hotuna masu kwanan wata, ta ajiye gaban malamai. Da muka fito na nemi gafararta. Ta ce ta yafe, sai dai ba ta jira mun hau keke ɗaya ba.

Na tambayi Kawu. Bai musa ba. Dariya ma ya yi, ya ce ai zane ne kawai na 'yan makaranta, shi ya mai da shi abin amfani. Na nuna masa shafin da na lissafa cewa bakin kwarin yana zubewa fiye da taku huɗu duk damina. Ya ce Allah ke tsarewa.

An riga an sayar da fuloti biyar. Ɗaya na Malam Bamanga ne, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya bana, har ya sauke yashi da bulo. Na buga shafin nan guda biyar, zan kai wa kowane mai fuloti ɗaya. Gobe da safe zan fara da gidansa, daga can kuma ba na jin zan iya komowa gidan Kawu a Federal Low-Cost.

Don Allah, Yaya, ki faɗa wa Umma da bakinki kafin Kawu ya kira ta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Najiba